Wa Wannan Littafin Yake Ba Amsa? Kundin Aikin Jera Littattafaina

4 ga Janairu 2025

Yau na sauke littattafan nan kaf na baje su a ƙasa. Na ƙirga 163, ban da maƙaloli da na ɗinke da hannuna. Shekara da shekaru ina tarawa ba tsari, wanda ya zo jiya shi ne a sama, wanda na fi buƙata shi ne a danne. Abin da ya tunzura ni shi ne makon jiya na ɓata kusan awa guda ina neman wani sharhin manɗiƙi, wato ilimin tantance ingancin hujja, na san yana cikin ɗakin, ban gan shi ba sai da buƙatar ta wuce.

Niyyata in yi kanta huɗu: falsafa, manɗiƙi, kimiyya, harshe. Kowane littafi zai samu kati ɗaya mai ɗauke da sunan marubuci, shekarar da ya fara fita (ba shekarar bugun da ke hannuna ba), harshen da aka rubuta shi da shi, mai fassara, sai jumla ɗaya tak da za ta faɗi tambayar da littafin yake son amsawa. Na gindaya wa kaina sharaɗi guda: jumlar nan ba daga bangon baya za ta fito ba. Sai na buɗe na karanta gwargwadon abin da zai ishe ni in faɗe ta da bakina. Na ɗibar wa aikin wata uku.

12 ga Janairu

Da Aristotil na fara, don kantar manɗiƙi daga kansa take somawa. Littattafansa shida da aka haɗa aka kira Organon, wato kayan aiki, sun shiga wurinsu lafiya. Na fi daɗewa a kan na uku, wanda yake bayanin ƙiyasi. A nan ne ya cire kalmomi ya sa haruffa a gurbinsu: idan kowane A B ne, kuma kowane B C ne, to kowane A C ne. Ka zuba abin da ka ga dama a gurbin haruffan, ƙarfe ko tsuntsu ko adadi, muddin muƙaddimomin biyu gaskiya ne, natija ba ta da hanyar zama ƙarya. Ingancin hujjar yana cikin ƙirarta. Na san wannan tun ina ɗalibi, amma ganinsa a inda aka fara rubuta shi, fiye da shekara 2,300 da suka wuce, ya sa na ajiye alƙalami na ɗan yi shiru.

Sai ga matsala ta farko. Malaman da suka karanta Aristotil da Larabci ba shida suka ƙirga ba. Sun ƙara littafinsa na huɗuba da na waƙa, suka kuma sa gabatarwar Farfuriyus, Isaguji, a gaba, suka zama tara. A wurinsu mai huɗuba da mawaƙi su ma wani nau'in ƙiyasi suke yi, ɗaya don ya gamsar, ɗaya don ya motsa zuciya. To littafin waƙa, manɗiƙi ne ko harshe? Na ajiye shi gefe.

Abin da ya ƙara ba ni tunani shi ne sunan Metafizika. Yadda aka saba ruwaitowa, ba Aristotil ne ya raɗa masa ba. Wani mai tsara rubuce-rubucensa ne, Andronikus na tsibirin Rodos, a ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, ya jera waɗannan takardu a bayan na ɗabi'a, aka kira su "waɗanda ke bayan na ɗabi'a". Larabawa ma haka suka fassara. Fanni guda na falsafa ya samu sunansa daga inda wani ya ajiye littafi a kanta. Tun daga nan na daina ɗaukar aikin nan a matsayin gyaran ɗaki kawai.

Sharhin da na nema makon jiya na Sullam ne, baitocin da Al-Ahdari ya tsara a shekarar 941 ta Hijira, yana ɗan shekara 21 kamar yadda ya faɗa da kansa a ƙarshensu. Yanzu yana nan kusa da Isagujin Al-Abhari, wani gajeren littafin manɗiƙi da ya ari sunan na Farfuriyus.

26 ga Janairu

Kati 31 na gama. Gefen da nake ajiye masu gardama ya kusa kai rabin haka.

Principia na Niyuton, 1687, kowa zai ce kimiyya ne, amma cikakken takensa cewa yake tushen lissafi na falsafar ɗabi'a. Shi a ganinsa falsafa yake yi. Kalmar da Turanci ke kiran masanin kimiyya da ita ma sai a shekarun 1830 William Whewell ya ƙirƙiro ta. Na leƙa tsarin Dewey da ɗakunan karatu da yawa suke bi tun 1876 ko zai raba mini gardama: falsafa 100, harshe 400, kimiyya 500. Manɗiƙi yana 160 a ƙarƙashin falsafa, amma manɗiƙin alamomi an kai shi 511.3 cikin lissafi. Ke nan mai bin wannan tsari zai iya raba littattafai biyu da suke magana a kan abu guda da tazarar ɗakuna. Ga babban ɗakin karatu mai dubban masu shiga, wannan ya wadatar. Ni ba abin da nake nema ke nan ba.

9 ga Fabrairu

Makon nan biyu ban taɓa wani kati ba. Na tsaya a kan muƙabala guda da At-Tauhidi ya ruwaito, wadda aka yi a Bagadaza wajajen shekarar 932, a majalisar waziri Ibnul Furat. A gefe ɗaya Abu Bishir Matta, mai fassara kuma jagoran masu manɗiƙi na zamaninsa. A ɗaya gefen Abu Sa'id As-Sirafi, malamin nahawu, wanda ya yi wa littafin Sibawaihi sharhi.

Matta ya ce manɗiƙi ma'auni ne, da shi ake gane magana ingantacciya daga gurɓatacciya, kamar yadda sikeli yake nuna mai nauyi da marar nauyi. Ya ce ma'anoni ɗaya ne a wurin dukkan al'ummu, huɗu da huɗu takwas ne a ko'ina. Sirafi ya ce to, sikeli ya gaya maka nauyi, amma wa zai gaya maka abin da ka ɗora zinariya ne ko tagulla? Ya ce abin da Matta yake kira manɗiƙi nahawun Girkawa ne aka tsamo daga harshensu, shi kuwa Matta bai ma iya Girkanci ba, daga Suryananci yake fassarawa. Sannan ya tambaye shi ma'anonin harafin wawun a Larabci, harafi ɗaya tal, Matta ya kasa. Ruwayar ta nuna Sirafi ne ya yi rinjaye, ko da yake wanda ya ruwaito ɗin almajirinsa ne, kuma kowa ya san yadda almajiri yake ba da labarin malaminsa.

Na karanta ta sau uku. Karo na farko na bi bayan Sirafi, don ya fi iya magana. Karo na uku sai na ga bai rushe batun Matta ba, ya dai kunyata shi a bainar jama'a. Rashin sanin ma'anonin wawun bai taɓa ingancin "kowane A B ne" ba. Amma shi ma Sirafi yana da abin da Matta bai amsa ba: ba wanda ya taɓa cin karo da ma'ana tsirara, kullum a cikin rigar wani harshe take zuwa.

Daga nan na ɗauko Ihsa'ul Ulum na Al-Farabi, wanda ya zauna a Bagadaza a wannan zamani kuma ya yi hulɗar karatu da Matta. Littafin ƙidayar ilimai ne, wato shi ma jera kanta yake yi. Ya sa ilimin harshe a farko, manɗiƙi na biyu, sannan lissafi, sannan ɗabi'a da abin da ke bayanta, sannan siyasa da fiƙihu da kalam. Ya ce nahawu dokokin lafazin al'umma ɗaya yake bayarwa, manɗiƙi kuwa dokokin da lafuzzan dukkan al'ummu suka yi tarayya a kansu. Ina karantawa na ji kamar amsar da ta kuɓuce wa Matta a majalisa ce take fitowa daga wani bakin.

Ga inda na tsaya cak. Bisa tsarina, Sibawaihi da Sirafi suna kantar harshe, Aristotil yana ta manɗiƙi, Farabi yana ta falsafa, Tauhidi kuwa adabi ne, ba shi da kanta ma. Mutanen da suke zaune a majalisa ɗaya suna ja-in-ja, ni na raba su ɗaki-ɗaki.

10 ga Fabrairu

Na rushe kanta huɗun. Kowane kati zai samu sabon layi a ƙasa: wa wannan littafin yake ba amsa? Kuma a kanta zai zauna kusa da wancan. Malamanmu na da sun san wannan, shi ya sa suke buga matani a tsakiya, sharhi a kewaye, hashiya a gefen gefe. Sai na sake bin kati 31 ɗin nan daga farko. Batun wata uku ya wuce.

2 ga Maris

Sabon tsarin ya fara biya. Sarƙar farko da ta haɗu da kanta ita ce ta Ibn Sina, Gazali da Ibn Rushd. Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki mas'aloli 20 a Tahafutul Falasifa ya yi wa masu falsafa irin su Ibn Sina raddi. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya bi shi sakin layi bayan sakin layi, ya kawo maganarsa sannan ya amsa. Littattafan nan biyu ba a karanta ɗaya a bar ɗaya.

Mas'ala ta 17 ce ta riƙe ni. Wuta ta taɓa auduga, auduga ta ƙone. Gazali ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙonewa ta auku a lokacin taɓawa, bai ga ta auku saboda taɓawa ba. Ibn Rushd ya ce wanda ya kore sababi ya kore hankali, domin sanin abu shi ne sanin sabubbansa, kuma wuta da ba ta ƙonawa ba ta cancanci sunan wuta ba. Ina ganin kowannensu ya kama wani gefen gaskiya da ɗayan ba zai iya ƙwacewa ba.

Hannuna da kansa ya kai ga littafin Hume, masanin falsafa ɗan Scotland, na 1739. Shi da ƙwallayen tebur yake misali: wannan ta bugi waccan, waccan ta motsa, amma igiyar da ta wajabta motsin ba ta bayyana ga ido. Har kalmar sabo duk su biyun sun yi amfani da ita. Na kusa rubuta "yana ba Gazali amsa" a katinsa, sai na janye. Hume bai ambaci Gazali ba, wanda ya ambata shi ne Malebranche, masanin falsafa Bafaranshe. Inda suka dosa ma daban ne: Gazali ya mayar da al'amarin ga ikon Allah, Hume ya mayar da shi ga sabon da ke cikin tunanin ɗan Adam. In na jona su kai tsaye na ƙirƙiri isnadin da babu shi.

Saboda haka zare ya zama iri biyu. Jan tawada ga wanda ya karanta wani ya amsa masa. Shuɗiya ga waɗanda suka faɗa rijiya ɗaya ba tare da ɗaya ya kira sunan ɗaya ba. Daga Hume zuwa Kant ja ne, don Kant da bakinsa ya ce a 1783 Hume ne ya tashe shi daga barci. Daga Hume zuwa Popper, 1934, shi ma ja ne: tun da dubban gwaji ba sa tabbatar da doka, amma gwaji ɗaya yana iya karya ta, to aikin kimiyya ta nemi abin da zai karya zatonta. Kuhn, 1962, na sa shi daf da Popper, don ya duba tarihi ya ga masana ba sa yar da ra'ayi saboda gwaji ɗaya ya saɓa masa, sai matsaloli sun taru kuma wani ra'ayin ya fito da zai maye gurbi.

23 ga Maris

Kwana huɗu sun tafi a banza. Bugun littafin lissafin fili na Yuklid da nake da shi ashe an tsallake zane-zane da dama a maƙala ta ɗaya, haruffan da ke cikin bayani kuma ba su dace da na zanen da ya rage ba. Na yi ta zargin fahimtata kafin na gwada da wani bugun na gane laifin na masu bugawa ne. Na ƙara layi a kati: ingancin bugu. Littafin ilimi da aka buga da ganganci ya fi rashinsa cutarwa, don mai koyo kansa zai zarga.

Da na samu bugu mai kyau, sarƙa mafi tsawo ta fito. Maƙaloli 13 Yuklid ya gina a kan ginshiƙai biyar da ya nemi a sallama masa. Huɗu gajeru ne, na biyar, na layukan da ba sa haɗuwa, dogo ne kamar abin da ya kamata a kafa masa hujja. Ibnul Haisam ya gwada, Umar Hayyam ya gwada, Nasiruddin Aɗ-Ɗusi ya gwada, Saccheri ya gwada a 1733. Sai a 1829 Lobachevsky, da Bolyai a 1832, suka nuna za a iya ajiye ginshiƙin a gina wani lissafin fili daban da ba ya cin karo da kansa. Shekara dubu biyu ana ba jumla ɗaya amsa.

Ibnul Haisam ya samu jan zare biyu. Littafinsa na gani, mai maƙala bakwai, yana amsa wa Yuklid da Baɗlamus da suka ce haske daga ido yake fita, shi ya ce shiga yake yi. Yana kuma da wani da ya sa wa suna shakku a kan Baɗlamus. Sunan kaɗai ya cike mini layin ƙasan katin.

13 ga Afrilu

Kant ya rubuta a 1787 cewa manɗiƙi bai iya ƙara taku ɗaya ba tun Aristotil, kamar ya kammala. Amma sai ga Boole ya mayar da shi lissafi a 1847 da 1854. A 1879 Frege ya fitar da ɗan littafi da bai kai shafi ɗari ba, ya warware abin da ƙiyasi ya daɗe yana tuntuɓe a kai. Ɗauki "kowane adadi yana da wanda ya fi shi" da "akwai adadin da ya fi kowane adadi". Kalmomin kusan ɗaya ne, ta farko gaskiya, ta biyu ƙarya. Bambancin yana ga wanne ya riga, "kowane" ko "akwai", kuma Frege ya samar da rubutun da yake nuna wannan ƙarara.

Maƙalarsa ta 1892 ce ta mayar da ni majalisar Bagadaza. Misalinsa tauraron safe da na yamma ne, mu kuwa muna da sunayensu: Gamzaki da Zara. Wanda ya ce "Zara ita ce Zara" bai gaya maka komai ba. Wanda ya ce "Zara ita ce Gamzaki" ya ba ka ilimin da sai da aka daɗe ana duban sama aka samu, alhali abu ɗaya sunayen suke nunawa. Ke nan suna yana da abin da yake nunawa, yana kuma da hanyar da yake bi ya nuna shi. Mai manɗiƙi ne ya koma yana aikin mai lugga. Na ja shuɗin zare daga nan har zuwa Sirafi.

Sai wasiƙar da Russell ya aika wa Frege ranar 16 ga Yuni 1902, wadda ta nuna masa tsarinsa yana cin karo da kansa. Na fahimce ta ne ta hanyar abin da ke gabana. Wani fihirisa yana lissafa kansa a cikin littattafan da ya ƙunsa, wani ba ya yi. A ce za a rubuta babban fihirisa na duk fihirisan da ba sa lissafa kansu, su kaɗai. Shi zai sa kansa? In ya sa, ya zama mai lissafa kansa, bai cancanci shiga ba. In bai sa ba, ya cika sharaɗi, dole ya shiga. Mai ɗakin karatu zai ce to irin wannan fihirisa ba ya rubutuwa, shi ke nan. Frege ba shi da wannan mafita, don doka ta biyar a tsarinsa ta lamunce cewa kowace siffa tana da tarin abubuwan da suka siffantu da ita. Mujalladi na biyu na babban aikinsa yana wurin bugu wasiƙar ta iso. Ya amsa cikin kwana shida, ya kuma ƙara rataye a ƙarshen littafin da ya fito a 1903 yana faɗa wa duniya cewa harsashin gininsa ya girgiza. Ban san wani shafi a cikin littattafan nan 163 da nake girmamawa kamar wannan ba.

27 ga Afrilu

Na maƙale a Gödel. Maƙalar 1931 ba ta wuce shafi ashirin da 'yan kai ba, kuma takenta ma ya kira Principia Mathematica na Whitehead da Russell da suna, don haka layin ƙasa ba wuya. Jumlar sama ce ta gagara. Zan iya haddace abin da ake faɗa: duk tsarin da ya isa ya ɗauki lissafin adadi, in ba ya cin karo da kansa, akwai maganar da ba zai iya tabbatarwa ko korewa ba. Amma sharaɗina shi ne in faɗa da bakina bayan na gani da idona. Akwai jerin ta'arifai 46 a tsakiyar maƙalar, kowanne a kan na bayansa yake tsaye. Ina na 17. Biyu nake yi a rana, da takarda da fensir. Katin zai jira.

11 ga Mayu

Kati 88 sun kammala, 75 sun rage. A maƙalar Gödel na kai ta'arifi na 40.

Makon nan na koma kan littattafan harshe, suka kawo abin da ban shirya masa ba. Wittgenstein kansa yake ba amsa: littafinsa na 1953, wanda ya fito shekara biyu bayan rasuwarsa, raddi ne ga nasa na 1921, kuma a gabatarwa ya ce ya so a buga su tare don sabon ba ya fahimtuwa sai a gefen tsohon. Na jingina su da juna, jan zare ya fita daga sunansa ya dawo kansa. Saussure kuwa bai rubuta littafin da ake jingina masa ba. Ya rasu a 1913, abokan aikinsa biyu suka haɗa shi daga rubutun ɗalibai suka fitar a 1916. A layin marubuci na rubuta suna uku.

Panini ne ya buɗe wata ƙofar. Dokoki kusan 4,000 ya tsara wa Sanskirit, tsohon harshen Indiya, a babi takwas, kuma a ciki yana kiran sunayen malaman nahawu goma da suka gabace shi, waɗanda ayyukansu ba su iso gare mu ba. Haka Kirisibus, jagoran manɗiƙin Rawaƙiyawa, wata mazhabar falsafa ta Girkawa, an ce ya rubuta littattafai fiye da 700, ba ko ɗaya da ya tsira cikakke, sai guntaye a bakin masu yi masa raddi. Jan zare yana fita daga katin ya tafi inda babu littafi.

Na yanko katuna masu wani launi don waɗannan. Iri biyu ne: littafin da yake duniya amma ba ni da shi, da wanda ya ɓace wa kowa. Na farko ya riga ya kai 19, a samansu akwai ƙamusun Larabci Kitabul Aini na Halil, wanda Sibawaihi yake ambaton marubucinsa ɗaruruwan sau, da raddin Ibn Taimiyya ga masu manɗiƙi, wanda in babu shi Mi'iyarul Ilmi na Gazali zai zauna ba abokin gardama. Na biyun zan tsayar da su a kanta a gurbin littattafan, kowanne a inda ya kamata littafin ya kasance. Gobe zan fara da goman Panini.